Tambaya: kan sautin garmahon silinda na Edison, na asali ne ko haɗe-haɗe?

Assalamu alaikum. Masana tsofaffin garmaho, ina neman taimakonku daga nan Kaduna. Garmahon Edison Standard ne, mai silindar kaki ta minti 2. A jikin nauyin da ke ƙasan kan sautin (ɓangaren da ke ɗauke da allura, yana fitar da sauti) an buga Model C, amma sassan sun ƙi yarda da juna.

Murfin sama na gaurayen tutiya ne, irin mai kumbura, har ya fara tsagewa a bakin zobe. Tantanin da ke ciki, mai girgiza ya ba da sauti, kuwa na mika ne (wani ma'adini mai ɓarewa falle-falle), alhali Model C na farko-farko su ne aka sani da murfin tagulla da mika, na baya kuma da tantanin jan ƙarfe. Shin akwai lokacin da kamfanin ya haɗa su haka, ko wani ne ya musanya? Nauyin ma ya fi murfin sheƙi sosai, harufansa ba zurfi. Sabon shafe ne, ko kwaikwayo?

Zoben robar guda 2 da ke riƙe da tantanin masu laushi ne, tabbas sababbi ne, wannan bai dame ni ba.

Allurar ce babbar damuwa. Da gilashin ƙara girma, ta yaya ake bambance bakin allura na yakutun asali da na gilashi? Idan kuma siririyar allurar Model H ce, ta silindar minti 4, aka dasa, za ta ƙwaƙule kakin, shi ya sa ban ɗora silinda ba.

Kan ya cije a mazauninsa. Kananzir zai sassauta shi, ko in kai wa makanikin agogo? Ina tsoron murɗawa murfin ya fashe.