Neman shawara: mun kawo Hajiya Orlando, abincin wurin wasan nan ya ba ni kunya

Maman Ilham (Maryland):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, daga ɗakin otal nake, kowa ya yi barci ni na kasa. Yau kwananmu uku a Orlando, saura uku. Tun bara nake shirin tafiyar nan. Adashin da muke yi da matan unguwarmu, da kwasata ta zo a watan Fabrairu ko sisi ban taɓa ba, na ce na hutun yara ne. Ana cikin haka Allah ya sa Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta samu biza, ta iso a watan Mayu. Zuwanta Amurka na farko ke nan. Lokacin da na haifi Ilham a Kano mahaifiyata ta riga ta rasu, Hajiya ce ta yi mini wankan jego, kullum da asuba tana kan murhu tana dafa ruwa har kwana arba'in, ga kunun kanwa ba fashi. Ban taɓa mantawa ba. Na ce a raina to ga ranar ramawa ta zo.

Shi ya sa na ce ba zan tsayar da dattijuwa a layi tana cin abinci a takarda ba. Na kama mana tebur a gidajen abinci na zama da ke cikin babban wurin wasan nan na Orlando, mai lilo iri-iri da ake shiga da tikiti, kowace rana ɗaya. Waɗanda suka taɓa zuwa sun san wahalar, kwana 60 kafin zuwa ake buɗewa, tun kafin shida na safe ina kan sallaya riƙe da waya.

Ranar farko sai da muka yi minti 40 a tsaye duk da mun kama wuri. Kifi ya zo a bushe kamar an shanya shi, shinkafa kuma ba ta nuna ba. Ina kallon Hajiya ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta murza tsakanin yatsunta a gefen tebur, ba ta ce komai ba. Jiya na ɗibi-da-kanka ne, dankali an dama shi kamar abincin jarirai, ganye an dafa ba gishiri ba komai. Burodi da ayaba kawai ta ci, ta ce alhamdulillahi ta ƙoshi. Dala 423 muka biya. Yau taliya ta zo tsakiyarta da sanyi, na mayar, ta dawo gefe yana ƙona baki tsakiya tana nan yadda take. Maigida ya dubi rasit, ya ninke shi gida huɗu ya sa a aljihu, ya ce Allah ya amfana. Wallahi gara ya yi mini faɗa.

Ɗazu na shiga ɗakinsu in duba yara, na tarar da Hajiya a bakin gado tana jiƙa garin kwaki a kofin otal. Da ta gan ni ta ce wai kwaɗayi ne kawai. In soke ukun da suka rage ko in ci gaba? Kuma da wane baki zan yi wa maigida maganar?

Sadiya (Kano):
Wa alaikumus salam. Dala 423 cin rana ɗaya? Ban ma juya shi zuwa naira ba don kada hawan jinina ya tashi. Ku nawa ne haka?

Maman Ilham (Maryland):
Mu shida ne, ni da shi da Hajiya da yara uku. Amma biyu daga cikin yaran kuɗin manya aka caje su, wai daga shekara 10 yaro ya zama babba a wurinsu. Mai shekara shida ce kawai aka yi wa farashin yara. Manya biyar dala 60 kowanne, ita 40, sai haraji, sai tukuici da suka saka da kansu.

Baban Yusra (Houston):
Maman Ilham, sau biyar ina kai iyalina wurin nan, bari in gaya miki gaskiya ko da ba daɗi. Kuskuren tun daga gida kika yi shi. Ba wanda yake zuwa wurin wasa don cin abinci. Dubban mutane suke ciyarwa a yini, tun da safe an dafa yawancin abin, ana ajiye da shi a ɗumi, ke kuma kina tsammanin girkin da aka yi dominki. Mai tuwon unguwa tana gyara miya ne don ta san gobe za ki dawo, in ta ɓata ki koma wurin maƙwabciyarta. Su kuwa sun san kin riga kin shiga, fita ki nemi abinci ki dawo zai cinye miki awa biyu daga tikitin da kika saya da tsada, kuma kafin ki sake zuwa sai bayan shekaru. Kujera da iskar na'ura kika saya, abincin gyara ne aka ɗora miki.

Lissafinki ma daidai yake, ba cutarki aka yi ba. 340 ne abincin, harajin yankin kashi 6.5, tukuici kashi 18 da suke sakawa da kansu in kun kai mutum shida. Soke duka ukun yau ɗin nan. An yarda ki shiga da abincinki matuƙar ba a kwalba ko mazubin gilashi yake ba, ruwan sanyi kuma kyauta suke bayarwa a kofi in kin tambaya a wuraren sayar da abinci na tsaye. Mu dafa-duka muke shiga da ita a kula, mu samu inuwa mu ci, ba mu taɓa kashe ko dala 50 a ciki ba.

Anti Rabi (Bronx):
Baban Yusra, tambaya ɗaya: wa yake dafa dafa-dukar? Don irin wannan shawarar aka ba maigidana shekarun baya, muka kama gida mai kicin. Ni ce tashi ƙarfe huɗu da rabi ina yanka albasa, ni ce wanke kula da daddare bayan ƙafata ta kumbura da yawo. Suka dawo suna ba da labarin lilo, ni labarin tukunya kawai na sani. Har ƙannensa biyu ya gayyato daga New Jersey, ba wanda ya ɗauraye ko cokali. Da muka dawo gida ya ce wai mun yi hutu mai arha. A jikin wa aka yi arhar? Maman Ilham kar ki yarda a mayar da ke kuku a kuɗin adashinki.

Baban Yusra (Houston):
Anti Rabi, wannan matsalar gidanki ce, ba ta tsarin ba. Ni nake yin cefane, ni nake ɗaukar kula.

Anti Rabi (Bronx):
Ka amsa mini ke nan.

Maman Ilham (Maryland):
Na gode Baban Yusra, amma ban yarda kuskure na yi ba. Na yi bincike sosai, na karanta abin da mutane suka rubuta, hotunan abincin ma na gani kafin in kama. Kuma ba ku ga yanayin garin ba ne. Yuli ne, zafi ya haura 90 a ma'aunin nan na Fahrenheit, wato sama da 32 a namu na gida, ga gumi. Hajiya da kanta ta ce zafin Kano yana ƙona mutum amma ba ya jiƙa shi haka. Gwiwarta na ciwo. Ta yaya zan zaunar da ita a dakali tana cin abinci daga kula mutane suna wucewa? Sannan ɗakinmu ba kicin, ƙaramin firji ne kawai.

Malam Abu Sudais (Minnesota):
Ni abin da ya tsaya mini ba daɗin abincin ba ne. 'Yar uwa, kin tambayi yadda aka dafa shi? Su kan sa giya a miyar taliya, su kan sa naman alade a wake da ganye don ƙamshi, ba za ki gani da ido ba. Guje wa nama kaɗai bai wadatar ba. Na taɓa cin miyar dankali a wani wuri har na kusa cinyewa kafin in ga ɗan jan abu a ƙasan kwano. Kwana biyu ban ji daɗin raina ba.

Maman Ilham (Maryland):
Malam na tambaya mana, ni ma ba yau na zo ƙasar nan ba, shekarata 11. Shi ya sa kifi da taliya kawai muke ci. Don Allah kar a ƙara mini wani tunanin a kan wanda nake ciki.

Ummu Hanif (Virginia):
Ni dai ra'ayina daban. Kar ki soke. Awa ɗaya da rabi a zaune cikin sanyi da tsakar rana ba ƙaramin abu ba ne ga dattijuwa, kuma daidai lokacin ne ruwan Florida yake sauka da tsawa, a rufe wasannin waje, kowa ya rasa mafaka. Abin da za ki yi, kina zama ki ce wa sabis kuna da buƙata ta musamman a abinci, kina son ganin mai girki. Suna fitowa har tebur. Ki ce a gasa kifi sabo, a dafa farar shinkafa ta yi laushi, a kawo lemon tsami. Ki sa yaji a jaka, kar ki ji kunyar fito da shi. Wasu gidajen ma suna tanadar abincin halal in an sanar da su da wuri, ki kira yanzu ki ji. Taliyar yau kuwa da manaja ya kamata ki yi magana, da wuya su bar ta a bil.

Baban Yusra (Houston):
Ummu Hanif, dala 400 don a sha iska? Shagunan tsaraba da ke ciki duk da na'urar sanyi, kyauta ake shiga. Kuma Maman Ilham ki yi sauri, in ba ki soke kwana ɗaya kafin lokaci ba dala 10 za su cire a kan kowane mutum, ku shida dala 60 ke nan a banza.

Ummu Hanif (Virginia):
Wannan tsohuwar doka ce Alhaji. Yanzu yawancinsu awa biyu kafin lokaci ne. Ta duba saƙon da suka turo mata ranar da ta kama, a rubuce yake.

Baban Yusra (Houston):
Ni dai sau biyar na je.

Baban Nafisa (Greensboro):
Sannunku. Mu daga nan da mota muke zuwa, kamar awa tara zuwa goma. Tsarinmu shi ne mu shiga da sassafe, azahar ta yi mu fita. Akwai masallaci a wajen Lake Buena Vista, ba nisa, kusa da shi akwai gidajen abincin halal na 'yan Pakistan da Larabawa, a International Drive ma akwai. Biryani da gasasshen nama, tsohuwata da ta zo daga Maraɗi har ƙari ta nema. A yi salla, a ci, a ɗan kwanta, la'asar sakaliya bayan ruwa ya ɗauke a koma da tikitin nan dai. Rabin kuɗin da kike kashewa ba za ki kashe ba.

Maman Ilham (Maryland):
Allah ya saka Baban Nafisa, sai dai ba mu da mota. Jirgi muka biyo, bas ɗin otal ke kai mu ya dawo da mu. Mu shida ƙaramar tasi ba ta ɗaukar mu, ga kujerar yarinya. Kuma na manta ban faɗa ba, na jibi an riga an cire kuɗinsa gaba ɗaya tun ranar da na kama, shi ne wanda yara suka fi ɗoki. Gaskiya kuma tun farko maigida ya ce mu kama gida mai kicin mu yi hayar mota, ni na ce a'a, ina son Hajiya ta huta, a kawo mata abinci har gabanta ko sau ɗaya a rayuwarta. In na soke yanzu kamar na ce masa shi ne da gaskiya.

Anti Rabi (Bronx):
Kar ki ba shi wannan damar. Shekara goma zai yi yana tuna miki.

Baban Yusra (Houston):
Ai shi ne da gaskiyar.

Sadiya (Kano):
Ni fa ina ta karantawa, ba wanda ya ce a tambayi Hajiya. Tsofaffinmu ba a burge su da faranti da cokula huɗu. Wataƙila garin kwakin nan ya fi mata duk abin da kika saya, ba don ta raina ba, cikinta ne bai saba ba. Kakata da aka kai ta Umara kwana goma sha huɗu ta yi a kan shayi da burodi da ƙuli-ƙulin da ta ƙulle a gefen zane, ta dawo tana cewa ba ta taɓa jin daɗi irin na tafiyar ba. Ki zauna kusa da ita ki ce Hajiya me ranki yake so.

Maman Ilham (Maryland):
Sadiya ba ki san Hajiya ba. Ko ƙasa na zuba mata za ta ce Allah ya yi albarka. Ba za ta taɓa faɗa ba, balle ga suruka. Kuma a waya ɗazu na ji tana gaya wa ƙanwar maigida wai an kai ta wurin da ake canza mata faranti sau uku. Ban gane ba yabo ne ko me.

Ummu Hanif (Virginia):
Yabo ne mana.

Anti Rabi (Bronx):
Hmm. Ya danganta da wace ƙanwar.

Maman Ilham (Maryland):
Gari ya waye, ban runtsa ba. Na buɗe manhajar kama teburin sau uku na rufe. Teburin yau ƙarfe ɗaya da kwata ne, in maganar Ummu Hanif ce ina da har sha ɗaya da kwata. Na sa yajin a jaka dai. Bas zai zo takwas, bari in tashi yara.

Baban Yusra (Houston):
Ki soke kafin ki hau bas ɗin.

Malam Abu Sudais (Minnesota):
In kin je ki tambaya har man da suke soya dankali, ko shi suke soya wani abin da shi.

Maman Amir (Ohio):
Salam, yanzu na ga wannan. Maman Ilham don Allah wane otal kuka sauka, kuma nawa kuka sayi tikiti? Mu ma muna son zuwa Disamba da surukata.