Buntun shinkafa zai iya maye gurbin dizal a injinan casa?

Injiniya: Salamu alaikum jama'a. Ina nan kan bakana game da maganar jiya: buntun da ke jibge tsibi-tsibi a bayan injinan casa na Kura da Argungu ya isa ya juya injinan, a rage sayen dizal sosai. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne. Mai cashe tan 10 a rana yana fitar da tan 2 ke nan, kuma kilo biyu na buntu kan ba da kusan yunit ɗaya na lantarki.

Mai injin casa: Wa alaikumus salam. Injiniya, cinna wa buntu wuta ai mun saba. Kwana da kwanaki yana cin ƙasa-ƙasa, hayaƙi ya ishi unguwa, maƙwabta su kai ƙara wurin mai unguwa. Ina wutar lantarki a ciki?

Injiniya: Alhaji, ba irin wannan ƙonawar ba ce. Ana zuba shi a tukunyar ƙarfe rufaffiya, a bar iska kaɗan ta shiga, zafi ya haura digiri 700. Da yake iskar ba ta isa ya ci da harshen wuta ba, sai ya saki gas mai kamawa: haidirojin, da irin iskar nan da ke halaka mutane idan sun kwana da janareta a ɗaki. A sanyaya gas ɗin, a tace, a tura wa inji. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da mai ya yi wuya a Turai, dubban ɗaruruwan motoci da gas ɗin itace suka yi ta yawo a Jamus da Suwidin. Masu casa a Kambodiya ma da buntu suke rage kuɗin dizal.

Makanike: Ranka ya daɗe, a wurin tacewar nan gizo ke saƙa. Na taɓa kwance injin wani bawan Allah da ya sayo irin tukunyar. Wata uku kawai, bawul-bawul ɗin sun manne da wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta. Gas ɗin ne ke tahowa da shi. Ruwan da ake wanke gas ɗin kuma baƙi ƙirin, mai wari, ba a yarda ya gangara fadama ba. Ga toka: buntu ya fi itace toka nesa ba kusa ba, kusan duk yashi ce, in zafi ya yi yawa sai ta dunƙule ta toshe tukunyar. Wa zai riƙa kwasa dare da rana?

Injiniya: Gaskiyarka, amma wannan matsalar kula ce da horar da yara masu aiki, ba ta hana abin yiwuwa.

Makanike: To me ya sa kamfanin Husk Power, da ya fara ba ƙauyukan Bihar ta Indiya wuta da buntu tun wajen 2008, da ya shigo jihar Nasarawa a 2021 sai ya kafa tashoshin wuta na hasken rana? Sunansa ma fa buntu yake nufi.

Injiniya: Saboda sola ta yi arha, kuma jigilar buntu zuwa ƙauye tsada ce, ba shi da nauyi amma yana cin wuri a mota. Shi ya sa na ce a bakin injin casa, inda yake zube.

Manomi: Ni abin da ya tsaya mini a rai yadda ake ta kiran ragowar amfanin gona shara. Jiya wani ya haɗa har da kara da totuwa da ɓawon gyaɗa. A gonata babu shara. Karan dawa shi ne danga, shi ne rufin rumbu, shi shanu ke ci da rani, abin da ya rage ya ruɓe ya koma ƙasa. In aka kwashe aka kai tukunya, da me gonar za ta rayu, ga taki ya gagari talaka?

Ɗalibar aikin gona: Baba, akwai hanya ta biyu da za ta yi maka daɗi. Idan aka gasa buntu ko totuwa babu iska, a zafin digiri 400 zuwa 600, gawayi ake samu. A daka shi a cakuɗa da takin gida, yana taimaka wa jigawa riƙe danshi, kuma yana daɗewa a ƙasa shekaru masu yawa. Ana kuma dunƙula shi da ruwan rogo a yi girki, a sauƙaƙa wa itatuwa sara.

Manomi: 'Yata, in totuwa da buntu ne na yarda. Kara dai a bar mini.

Mai gumi: Ku yi haƙuri in sa baki. Mu mata masu turara shinkafa da buntun nan muke hura wuta, don icce ya fi ƙarfinmu. Da kyauta muke ɗiba, yanzu masu kaji na saye don shimfiɗa, har an fara sa masa kuɗi. Ranar da Alhaji ya ga buntunsa na juya masa inji, ko kwano ɗaya zai bar mana?

Mai injin casa: Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba, in har zai rage mini kuɗin dizal zan riƙe abina. Injiniya, ka kawo mini farashin tukunyar da albashin mai kula da ita na wata, in gwada da abin da nake kashewa yanzu.

Mai gumi: Ka sa har da kuɗin iccen da za mu koma saye, don mu ne ke turara shinkafar da kake casa.