Ruwan Odaw a ganiyarsa: wace kalma za mu tsayar?

Jama'a, ku taya ni tsayar da kalma ɗaya. Makon jiya na zauna fassara takardar faɗakarwa kan ruwan damina, wadda za a karanta a masallatan Nima da Mamobi a nan Akra, sai na cije a kan abin da injiniyoyi ke kira "peak flow". Abin nufi shi ne yawan ruwan da ke wucewa ta wani wuri a kogi cikin daƙiƙa guda, a daidai lokacin da ya fi ƙarfi.

Da farko na rubuta "ambaliya", na goge. Ambaliya ita ce ruwan da ya riga ya shigo ɗaki ya jiƙa katifa. Wannan kuwa adadi ne da ake fitarwa tun hadari bai haɗu ba, da shi ake yanke faɗin gota da tsayin gada.

Lissafin tsoho ne. Tun 1851 wani injiniya ɗan Ailan, Thomas Mulvaney, ya shimfiɗa tushensa: a san ƙarfin ruwan sama, a san faɗin ƙasar da ke zuba wa kogin ruwa, a san kason da ƙasa ba ta shanye ba, sai a ninka su. Ku ɗauki fili mai kilomita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ruwa na zuba milimita 50 a awa. In rufin kwano da kwalta da siminti ne ko'ina, kashi 90 cikin 100 zai gangara, wajen lita 12,500 ke nan kowace daƙiƙa. Jarkar nan mai ruwan ɗorawa da muke ce wa galan Kufuor, mai cin lita 25, guda 500 kafin ka ƙifta ido. In da daji ne ƙasa ta shanye kashi 70, lita 4,200 za a samu. Yanzu manhajar kwamfuta irin HEC-HMS ke wannan aiki, har ta nuna sa'ar da ruwan kogin Odaw daga Achimota zai iso Alajo ya nufi tafkin Korle.

Kalmomi uku aka ba ni. Wata malama a Mamobi ta ce "ƙololuwar ruwa". Da daɗin ji, amma ƙololuwa tsayi take nunawa, mai sauraro zai ɗauka zurfi ake nufi, ko ya kai gwiwa ko ya kai ƙirji. Wani ɗan'uwa ya ce "cikar kogi". Ita ma ban gamsu ba: tafki yakan cika maƙil yana kwance, babu gudu.

Ta uku daga bakin wani dattijo ta fito, muna zaune a benci bayan la'asar, yana jan carbi. Na gama bayani, ya ce, "Yaro, ai ganiyarsa kake nufi. Ruwa ma yana da ganiya, kamar ɗan dambe." Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma." Ganiya ta haɗa ƙarfi da lokaci, ta kuma nuna abin yakan hau, ya kai matuƙa, ya sauka, kuma haka zanen injiniyoyin yake tafiya.

Ban ɗauki maganar nan da wasa ba. Daren 3 ga Yuni 2015, da ruwa ya haɗu da wuta a gidan mai na Kwame Nkrumah Circle, mutum wajen 150 muka rasa, Allah ya jiƙansu. Mutanenmu na bakin gota sun cancanci jin gargaɗi da kalmar da za ta shiga kunne.

Na sa "ganiyar kwarara" a takardar. Damuwata ɗaya: yaranmu na Akra ba kasafai suke cewa ganiya ba. 'Yan Kumasi, ku da kuke bakin rafin Aboabo, in liman ya karanta ta ranar Juma'a, za a gane a wurinku?