"Ba girin-girin ba dai, ta yi mai": ta hau kan abincin gwangwani kuwa?

Maman Biyu: Salam 'yan uwa. Jiya na sayo wa yara garin kunu na gwangwani, a bayansa an jero sinadarai layi-layi, ayon (sinadarin ƙarfe mai ƙara jini) kaza, bitamin kaza, ina karanta wa surukata da murnata sai kawai ta ce min "ba girin-girin ba dai, ta yi mai". Tun jiya maganar ke min yawo a ka. Ni a sanina mai cika baki ake wa wannan karin maganar, to ta ina ta shafi abinci?

Ɗan Kurmi: Ai Hajiya ta ajiye ta a gurbinta. Girin-girin shi ne hayaniya da kai-kawo, mai kuma shi ne abin da aka samu a ƙarshe. Rubutun bayan gwangwani shi ne girin-girin ɗin, abin da ya zauna a jikin yaro shi ne man.

Malamin Hausa: Ni kam ban gamsu ba. Wannan magana an fi yin ta kan aikin da aka fara da ɗoki ba a san ƙarshensa ba. In ana nufin abu ya yi kyau a ido alhali ciki ba haka ba, muna da wadda ta fi dacewa: "kallon kitse ake wa rogo". Fari tas kamar kitse, ka ci ka ƙoshi amma kusan duk sitaci ne, abin gina jiki kaɗan ne a ciki.

Anti Nas: Malam da girmanka, amma ta rogo tana nufin an ruɗe ka ne, babu abin a ciki. Nan kuwa yana iya yiwuwa kamfani bai yi ƙarya ba, ayon ɗin na nan yadda aka rubuta, tambayar ita ce nawa hanji zai iya tsotsa. Ayon na nama da hanta da kifi jiki ya fi saurin ɗauka, na gero da dawa da wake kuwa akwai wani sinadari faitet da ke riƙe shi, sai ka ci da yawa kaɗan ya shiga jini sauran ya bi bayan gida. Ga shayi, in ka kora abinci da shi nan take yana rage shigar ayon, shi ya sa nake roƙon masu ciki su bar tazarar ko da awa 1 tsakanin abinci da shayi, kuma su haɗa da lemo ko gwaiba don bitamin C na taimakawa sosai. Wlh abin na damuna, mace tana ci tana ƙoshi amma ka buɗe idonta ka ga fari fat.

Ɗan Kurmi: To Malam ka ji. Kuma ni abin da ya burge ni ma, maganar ta zo daidai har a zahiri, don bitamin A na zogale da karas sai da ɗan maiƙo jiki ke ɗaukarsa. Kwaɗon zogale da ƙuli da ɗan man gyaɗa, iyayenmu sun san abin da suke yi.

Malamin Hausa: Na karɓi rabi. Amma kar mu mai da rubutun kamar banza ne, tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a suga da man girki da fulawa a Najeriya, akwai ma alamar ido da ake bugawa a jiki, kuma lambar NAFDAC da ranar lalacewa dole a duba. In aka ce girin-girin ne kawai wani zai daina karantawa gaba ɗaya.

Anti Nas: Gaskiya ne a karanta ɗin. Sai dai man da aka juye a farar gora aka shanya a rana a kasuwa bitamin ɗin raguwa yake yi, alamar ido ba za ta faɗa maka wannan ba. Haka yaron da ke fama da tsutsar ciki ko gudawa a kai a kai, abin da ka zuba masa ba duka ke zama a jiki ba, sai an haɗa da gyara cikin.

Maman Biyu: To yanzu ni ya zan yi, in zubar da gwangwanin?

Anti Nas: A'a 'yar uwa ki ba su, ki dai duba yawan sugan. Amma kar ki raina kamun da Hajiya ke jiƙawa ya kwana ya yi tsami, jiƙon nan da tsamin su ke karya faitet ɗin. Ki riƙa sa gyaɗa ko waken suya a ciki, ki ba su kindirmo mai tsabta saboda ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikinsa, da wake da miyar kuɓewa don hanji ya samu abin aiki.

Malamin Hausa: Ni har yanzu ina nan kan ta rogo in dai maganar lemon kwalba ce mai hoton 'ya'yan itace a jiki. Ta Hajiya kuma na bar mata kunu.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Yau da daddare zan jiƙa geron, gobe in ce Hajiya ta tsaya a kaina in ga yadda take tacewa.