Abin da Aka Tattara kan Auna Hayaƙin Kamfani da Rage Shi

1. A tattaunawar da aka yi kan yadda kamfani zai auna hayaƙinsa ya kuma rage shi, kowa ya yarda cewa da awo ake farawa, bisa tsarin GHG Protocol, wato ƙa'idar lissafin hayaƙi mai ɗumama yanayi, wanda ya kasa hayaƙi gida uku: wanda kamfani ke fitarwa da kansa, na lantarkin da yake saye, da na masu kawo masa kaya da masu amfani da hajarsa.
2. Akasari sun ce a soma da janareto, domin kowace litar dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, kuma rasiɗin mai ya wadatar wajen lissafi.
3. An rabu kan biyan kuɗin dasa bishiyoyi a madadin hayaƙi. Wasu sun amince, wasu kuma, da hujja mafi ƙarfi a ganina, suka ce a rage tukuna.