Laterite: jar ƙasa ce ko marmara?

Jama'a, ina fassara wani darasi na ɗaliban aikin gona sai na ci karo da kalmar laterite. Da na tambaya jiya, amsoshinku sun rabu gida biyu: masu cewa jar ƙasa da masu cewa marmara. Wani ɗan'uwa ma ya ce a rubuta latarait a huta. Wannan kam ban yarda ba, tunda muna da tamu.

Na bi asalin kalmar. Wani likita ɗan Sukotlan, Francis Buchanan, shi ya ƙirƙire ta a 1807, bayan ya ga mutanen Malabar a kudancin Indiya suna yanko wata ƙasa tun tana da taushi, iska ta buge ta ta sandare, su yi gini da ita. A Latin, later na nufin tubali. Ashe ba launin ya duba ba, taurin ya duba.

Nan ne jar ƙasa ta gaza. Launi kawai take faɗa, kuma ba kowace ƙasa mai ja ce ke sandarewa haka ba.

Ku tambayi mai haƙar rijiya. Ya san turɓaya, ya san yashi, ya san yumɓu, kuma ya san ranar da ya iso marmara, don ranar ce diga ke tsalle a hannunsa. Ja ce, mai ramuka-ramuka, tsatsar ƙarfen da ke cikinta ce ta rina ta. Manomi ma ya san ta: inda ruwa ya wanke ƙasar sama ta fito fili, gona ta zama fako, saiwar gero ba ta ratsawa. Abin da Buchanan ya gani ke nan, kuma kakanninmu sun raɗa masa suna tun tuni.

Malamar da ta ce marmara na iya rikicewa da marmar na Larabci, farin dutsen nan na ado, tana da gaskiya, don wasu masu fassara suna haɗa su. A darasin ƙasa dai ba na jin ɗalibi zai ɓata.

Don haka na rubuta marmara ga wadda ta sandare, ƙasar marmara ga irin ƙasar baki ɗaya. Wadda tifa ke jibgewa a ciko ko a shimfiɗa kafin kwalta, na bar ta jar ƙasa, yadda direbobi da magina ke kiranta.

'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku ma marmara kuke cewa?