Na ɗauko kare don gadi, ashe ɗan farauta ne, ku ba ni shawara

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina zaune a wajen garin Richmond a jihar Virginia ta Amurka. Wata uku ke nan da na karɓo kare daga gidan da ake tara dabbobin da ba su da masu su, don ya riƙa gadin gida da 'yan kajina. A takardarsa an rubuta American Foxhound, shekararsa biyu. To gadin dai babu, baƙo na shigowa sai kaɗa wutsiya. Da dare kuma ya ɗaga kai sama ya yi ta wani dogon kuka, har maƙwabciyata ta yi mini magana. Sau biyu yana haƙa ƙarƙashin shinge ya tsere, ina kira ko waigowa bai yi ba. Yanzu ga sosa kunne, kunnen har wari yake. Yaya zan yi da shi?

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, laifin ba na karen ba ne, aikin da ka ba shi ne ba nasa ba. Wannan irin an yi shi ne don bin sawun yanyawa, su fita garke guda, mahaya dawaki na biye da su, su wuni suna gudu. Tun 1650 wani Bature mai suna Robert Brooke ya kawo kakanninsu yankin Maryland na Amurka daga Ingila, George Washington, shugaban Amurka na farko, ma ya yi kiwonsu, har Lafayette, wani janar ɗan Faransa, ya aiko masa da na ƙasarsu a 1785. Jihar da kake ciki ta ayyana shi a matsayin karenta tun 1966. Kukan da ya dame ka shi ne abin da mafarauta ke nema, don da shi suke gane inda karnuka suka nufa a daji. Kuma in hancinsa ya kama wari, kunnensa ya toshe ke nan. Kada ka kuskura ka kwance masa igiya a fili.

Maman Ilham:
Yaya, fara da kunnen nan tukuna. Kunnuwansu zube suke, iska ba ta shiga, sai danshi ya taru ciwo ya kama. Warin nan na likitan dabbobi ne, kada ka ɗiga masa komai da kanka. In ya warke ka riƙa dubawa duk mako. Ka kuma nemi maganin kaska, Virginia akwai cutar Lyme da cizon kaska ke jawowa, kuma kaskar da ya kwaso tana iya kaiwa ga yara.

Injiniya Sabo:
Na riƙe irinsa shekara shida. Awa ɗaya zuwa biyu kullum yake buƙata, gudu na gaske, ba zagayen layi ba. Ni bayan asuba nake hawa keke yana bina da doguwar igiya, ranar da muka yi haka ba ka jin ɗuriyarsa da dare. Kaɗaici ma na sa shi kuka, don ya saba da zaman garke. Shinge kuwa ka binne waya a gindinsa. Abinci ka auna masa sau biyu a rana, yana da haɗama, nauyinsa kada ya wuce kilo 30 da ɗoriya. Kajin nan ka yi musu kejinsu daban, ni ban yarda da shi a kansu ba.

Abban Khalifa:
Allah ya saka da alheri. Na samu ganin likita ranar Alhamis. Maganar awa biyun nan ce ta tsaya mini, Injiniya, aikin dare nake yi. Zan gwada keken wata guda tare da Khalifa. In abin ya gagara, zan mayar da shi inda na karɓo shi, in roƙe su su nema masa mai gona.